Makahon Enzayim Ya Fara Yanka

Tun da aka koma aiki a ɗakin bincike bayan bikin Ayudha Puja, wato bikin sa wa kayan aiki albarka, Sahana ta daina amsa gaisuwar Girish da baki, sai dai da ka.

Abin da ya jawo haka ido ma ba ya ganinsa. Bakteriya na da wani enzayim, wato ɗan sinadari, mai bin zaren DNA kamar mai tsintar shinkafa. Yana da ɗan yatsa da yake turo harafi ɗaya na zaren waje ya duba shi, in lafiyayye ne ya mayar, in ya lalace ya datse. Digirin Sahana kacokan a kan yatsan nan ya rataya: ta cire shi, enzayim ya makance, ya daina yanka. Girish kuwa, mai teburin da ke kallon nata, da lafiyayyen enzayim yake aiki, kuma ya sha faɗa a wurin shan kofi cewa yatsan ado ne kawai.

To, sai ga makaho ya fara yanka. Ta sake gwaji, ya yanka. Ta zuba ruwa zalla, nan ma zaren ya fito a daddatse. Ruwa dai ba ya tsami banza.

"Akka, yau ma fuskar a murtuke?" in ji Girish, wanda ke kiranta Akka, wato Yaya, yana miƙo mata wainar shinkafa ta idli. "Ko makahon naki ya warke ne?"

Ta kafe shi da ido. "Wa ya gaya maka?"

"Haba, wasa nake. Me ya faru?"

"Ka fi ni sani."

Daga nan ta zama 'yar sanda. Ta ƙudurta shi ne ke ɗiga mata lafiyayyen enzayim a gwaji. Ta ɓoye kwalabenta a bayan firji, ta manna silin gashinta a murfin akwati. Da safe gashi na nan, yanka ma na nan. Maimakon ta yi shakkar zarginta, sai ta ce lallai yaron nan ya ƙware. Zuciya in ta riga ta yanke hukunci, ko tari ka yi shaida ne.

Ta kai ƙara wurin shugabansu Farfesa Hegde, mutumin da ya fi ƙin hayaniya a kan zalunci. Ya karɓe makullin ɗakin binciken daga hannun Girish, wai har a gama bincike.

"Ni, Akka?" in ji Girish. "Ni da kika koya wa aikin nan da hannunki?"

Ba ta ɗago ba. Ya tattara littattafansa, ya ce ba zai zauna inda ake ɓoye masa kwalba ba, ya hau jirgin ƙasa zuwa garin Hubballi.

Sahana ta haɗa sabon gwaji hankali kwance. Makaho ya yanka.

Ta daɗe zaune tana juya bututun awonta, wanda take zuƙar kowane ɗigo da shi. Ranar biki an tara kayan aikin kowa a tebur ɗaya, an sa musu furanni, an dangwala musu ƙullun itacen sandal mai ƙamshi da jan ɗigo, kuma ba mai gogewa sai ya faɗi da kansa. Ƙullun da ke jikin nata ya sauka daidai kan ɗan tambarin suna. Ta sa farce ta kankare.

Sunan Girish ne. Bututunsa ne, wanda ya daɗe yana zuƙar lafiyayyen enzayim har cikinsa ya jiƙa da shi. Ba kuma wanda ya miƙa mata. Ita ta ɗauka da kanta, tana sauri ta riga kowa komawa aiki.

Kunya ta rufe ta. Ta kira shi a waya, ta zayyana masa komai, ta ce gobe-gobe za ta je wurin Farfesa, ya dawo don Allah.

Tana jin kukan babura a bayansa.

"Yatsanki yana da amfani ke nan. Na taya ki murna," ya ce. "Amma Akka, ko enzayim ɗin nan sai ya duba yake yankewa."

Ya kashe wayar.