Katakon da Dessie Ya Taka

Duk wanda ya ce maka shi ya fara gano sirrin Dessie Purvis, ka ce masa Wilf Heslop ya ce ƙarya yake. Ni na fara gani, tun ƙungiyar mawaƙa ta Tindle Row ba ta da lasifikar kirki, tun ina jan su a tsohuwar motar burodi daga Sunderland zuwa duk garin da ke da zauren ma'aikata. Ban iya karanta allon hanya ba, amma na kai su Glasgow, na kai su Hamburg, na dawo da su da ransu. Yau ƙasa ta rufe idonsu duka, ni kaɗai na rage.

Dessie shi ne mai gangunansu. Kafin ya kama sandar kiɗa, ƙusa yake duka a wurin ƙera jiragen ruwa, kuma gudumar nan ta cinye masa kunne, saura ƙiris. Bai gaya wa kowa ba sai Norman mai babbar jita, mijin yayarsa. Da sun hau dandamali sai Dessie ya tuɓe takalmin hagu ya dasa diddige a katako. Gurnanin jitar Norman ya biyo katakon, ya shiga ƙafarsa, ya hau har ƙirji. Da haka yake bin kiɗa. 'Yan kallo sun zaci gayu ne. Ni da nake ɗaukar kaya na ga ƙafar tana lalube kamar makaho na neman bango, na ja bakina na yi shiru.

Sai ga kira daga Landan, za a ɗauki faifansu na farko. Aka sa Dessie a wani ɗakin gilashi shi kaɗai, aka maƙala masa abin ji a kunne. Ya tuɓe takalmi ya taka. Darduma ce mai kauri, ƙarƙashinta siminti. Ya hango yatsun Norman na motsi ta gilashi, amma ƙafarsa ba ta jin komai. Ya sa sanda a ganga, ya yi gaba ya bar su, ya dawo baya aka wuce shi. Gumi ya jiƙa masa riga.

Mista Fairclough, mai kula da ɗaukar, ya yi magana a hankali. Ya ce yana da wani makaɗi da zai iya zuwa gobe, ba wanda zai sani.

Da rana suka zauna a bayan motata suna cin kifi da soyayyen dankali. Dessie bai taɓa nasa ba. Ƙofar wurin ƙera jirage kawai yake gani a ransa, da dariyar da za a yi masa ranar da ya koma.

"Suruki, yau kiɗanka kamar an turo kwanuka daga bene," in ji Norman.

"Kai kuma jitarka ta zama bebiya. Ba na jin ka, Norman. Ƙasar ɗakin nan gawa ce."

"To ka faɗa musu mana."

"In ce me? Ga kurma zai yi muku faifai?"

"Ni dai in na koma gida ba kai, yayarka dakan sakwara za ta yi min." Norman ya buga ƙafa a katakon da ke shimfiɗe a ƙasan motar, sai ya tsaya, ya sake bugawa. "Wilf, miƙo min ƙarfen taya."

Na yi rantsuwa, na yi zagi, na ce katakon nan ya je Hamburg. Suka ɓamɓare shi ina kallo.

Fairclough ya tare su a ƙofa. "Samari, nan ba shagon kafinta ba ne."

Norman ya buɗe baki, Dessie ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Yallaɓai, kurma ne ni. Da ƙafa nake ji. Ka ba ni waƙa ɗaya. In ban yi ba, ka kira mutuminka."

Fairclough ya matsa gefe.

Aka fito da gangunan daga gilashi. Lasifikar Norman ta hau wancan bakin katako, diddigen Dessie ya hau wannan. Norman ya ja igiya ɗaya. Dessie ya rufe ido, don abin ya shigo masa kamar jirgi na sauka cikin kogi ranar ƙaddamarwa. Ya ɗaga sanduna.

Na ji tsawa a teku, na ji bam lokacin yaƙi, ban taɓa jin irin wannan ba. Shayin Fairclough ya dinga rawa a kofi har ya zube, bai ma lura ba. Da aka gama Fairclough ya ce, "Kada kowa ya taɓa katakon nan."

Katakon ya je Amurka, ya je Japan, ya hau kowane dandamali har ranar da Dessie ya ajiye sanda. Ni nake ɗaukarsa a kafaɗa, ban taɓa yarda wani ya taɓa min shi ba.

Yanzu yana falona, da gurbin diddigen a jiki. In kana musu, ka zo. Zan sa faifan, ka tuɓe takalmi, ka toshe kunnuwanka ka taka. In tsikar jikinka ba ta tashi ba, ka kira ni maƙaryaci a tsakiyar kasuwar Sunderland.