Aljihun Bayan Littafi

Shekara goma sha tara Anti Shiru ta yi tana riƙe da laburaren makarantar, kuma babu wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya sai don ta ce a yi shiru. Yara ne suka laƙa mata sunan, malamai suka ɗauka, har mai gadi idan ta shigo da safe sai ya ɗora yatsa a baki kafin ya gaishe ta. Ba ta jin haushi. A ganinta gara wannan sunan da wanda suka sa wa malamin lissafi.

Ɗakin dogo ne a ƙarshen baranda, da kantoci takwas da fanka ɗaya mai ƙara kamar ana binta da gudu. A kan teburinta akwai kwalbar gam, almakashi da hatimi. Kowane littafi tana liƙa masa aljihun takarda a cikin bangon baya, ta saka katin da mai aro zai rubuta sunansa. Wannan kowane laburare na yi. Abin da ita ta ƙara daga kanta shi ne 'yar farar takarda da take miƙa wa duk yaron da ya dawo da littafi.

"Rubuta abin da ka ji a ranka," in ji ta. "Ba jarrabawa ba ce, babu maki. Daga ni sai littafin za mu sani."

Yaro zai rubuta, ya sa sunansa a ƙasa. Ita kuma ta karanta a gabansa, ta ninke huɗu, ta ɗiga gam ta liƙe bakin, ta soka a aljihun. Wanda duk ya kuskura ya ɓare takardar wani, ya yi sallama da laburare zango guda. Sau biyu kawai aka taɓa gwada ta, kuma duk wanda ya gwada bai sake ba.

Littattafan da aljihunsu ya fi kumbura su ne guda biyar ɗin nan da yara ke kira masu shuɗin bango. Labarin wata yarinya ne mai fitilar da in ta haska bango sai ƙofa ta buɗe zuwa wani gari a ƙarƙashin kogi, inda wata tsohuwa ke ɗinka ruwan sama da allura, kuma waɗanda suka bar duniya ke zaune a bakin tagogi. Kwafi uku-uku makarantar ta saya, amma ba ka taɓa samun ɗaya a kanta. Ra'ayoyin masu karatu kuwa ba a magana. Wani ya rubuta, "Ƙarya ce zalla, a ba ni na huɗu." Wata ta ce tsohuwar ta yi kama da kakarta, har masifar. Wani kuma ya ce shi ko kaɗan bai ji tsoro ba, sai dai sau huɗu.

Akwai wadda Anti Shiru ba ta yi dariya ba da ta karanta. Ta wata 'yar aji shida ce, siririya, da ake kira Mai Gilashi, wadda ƙanenta ya rasu a zangon da ya wuce. Yarinyar ta daɗe a sunkuye kafin ta miƙo. Anti ta karanta, ta ninke, ta ɗiga gam har sau biyu. Ba ta rarrashe ta ba, don ta san in ta yi magana yarinyar ba za ta sake rubuta gaskiya ba.

Ana nan sai shugaban iyaye ya zo da ƙorafi. Mai kantin magani ne, mutum mai kamun kai, kuma a faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Ɗansa ne ya tambaye shi ko fitila tana iya buɗe ƙofar mamata, shi kuwa gabansa ya faɗi. Ya ce littattafan suna zuba wa sihiri sukari su ba yara, suna koya musu neman iko a wani wuri ba wurin Allah ba, kuma shi bai kawo ɗansa makaranta don a gurɓata masa imani ba. Wasu iyayen suka mara masa baya, wasu suka ce ai tatsuniya ce, mu ma da ita muka tashi. Aka yi ta ja har makarantar ta gaji, ta ce a janye su.

Anti Shiru ba ta yarda da shi ba, amma ta gane tsoronsa. Ita ma mai sallah ce, ita ma uwa ce. Littafi goma sha biyar ba su kai a yi yaƙi a kansu ba, in dai yaran suna nan suna karatu.

Wadda ta kawo mata kwalin kwashewa ita ce Mataimakiya, wato mataimakiyar shugaban makaranta. Aminiyarta ce tun suna kwalejin horon malamai, ɗaki ɗaya suka kwana shekara uku, sabulu ɗaya suka yi wanka da shi. Ita ce ta zauna da ita a asibiti lokacin jinyar mijinta. Kuma ita ce ta ari shuɗayen nan ɗaya bayan ɗaya, ba kati ba suna, ta cinye su cikin mako biyu, har tana bugo waya tana cewa, "Don Allah ki faɗa min, yarinyar nan tana dawowa gida kuwa?"

Anti ta jera littattafan a kwali. Hannunta ya kai ga aljihun na farko, ta tsaya.

"Bari in cire takardun yaran."

"Haba ƙawata, ki bar su mana," in ji Mataimakiya. "Sito kawai za su. Ni zan ɗaure kwalin, makullin yana hannuna. Mutanen nan wata biyu sun manta, sai in dawo miki da kayanki yadda suke. In kika cire yanzu, ina za ki san ta wane littafi ce?"

Nan ta same ta. Shekara goma sha tara ba ta taɓa raba littafi da abin da ke aljihunsa ba, kuma tunanin takardu ɗari biyu a cakuɗe cikin leda ya fi ƙarfin zuciyarta. Ta janye hannu. Ita da kanta ta kama gefen kwalin suka kai shi ƙofa.

Ranar Asabar aka yi taron iyaye a babban zaure, 'yan aji biyar da na shida suna zaune a benci a baya. Anti Shiru ta zauna a gefe kusa da taga, tana jiran a gama ta koma ga littattafan da take ɗinke wa bango. Shugaban iyaye ya yi jawabinsa, ya yi godiya. Sai Mataimakiya ta miƙe da wani fayil a hannu, ta gyara gilashin karatunta, ta ce don kada wani ya ce an yi wa littattafan ƙazafi, za ta bar yaran su yi magana da bakinsu.

Ta buɗe fayil ɗin. Fararen takardu ne a jere, kowace da alamar ninki huɗu, an bi bakinsu da reza an tsaga a tsanake, babu wadda ta yage. Aikin mai haƙuri ne, wanda ya zauna ya yi shi ɗaya bayan ɗaya. Anti ta gane su nan take.

Mataimakiya ta karanta ta mai cewa a ba shi na huɗu, aka yi dariya. Ta karanta wata mai cewa da ma ita ma tana da fitilar nan, dariyar ta ragu. Sannan ta sassauta murya, ta ce wannan ita ce ta hana ta barci.

"Na san ƙarya ne. Amma na ɗauki tocilar Baba na haska bangon ɗakinmu, ko ƙofa za ta buɗe in ga ƙanena a taga. Na yi sau uku. Ba ta buɗe ba. Kada a faɗa wa Mama, za ta yi kuka."

Ba ta faɗi suna ba. Ina amfanin suna, a makarantar da kowa ya je gaisuwar mutuwar? Kawuna suka juya baya gaba ɗaya. Wata mata ta ce, "Innalillahi, har ta fara gwadawa!" Uwar yarinyar ta rufe fuska da mayafi. Uban ya kafa ido a ƙasa. Mai Gilashi kuwa ba ta kalli kowa ba sai Anti Shiru.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Mataimakiya ta rufe fayil ta ce, "Kuma ina so iyaye su sani, malamar laburarenmu ce ta tattara waɗannan bayanai tsawon lokaci, ta miƙa mana su da hannunta. Ta ba da cikakken haɗin kai. A tafa mata."

Aka tafa. Shugaban iyaye har ya ɗan rusuna mata daga inda yake. Macen da ta yi shekara goma sha tara tana hana mutane magana, ranar da ya kamata ta miƙe ta tsaga zauren da ihu, sai bakinta ya ƙi buɗewa. A ƙofar fita aka riƙa miƙa wa kowane uba takardar ɗansa.

Anti ta sami Mataimakiya a ofis tana cire takalmi tana matsa ƙafa.

"Kin ce sito."

"Rufe ƙofa tukuna."

"Kin ce ke za ki ɗaure kwalin. Da reza kika zauna, ƙawata? Da reza?"

"Ke ba ki san abin da ake ciki ba," in ji Mataimakiya. "Kanki suke nema. Cewa suka yi ke kike cusa wa yara, a sallame ki kafin ƙarshen zango. Na rasa yadda zan yi, sai na mayar da ke wadda ta tona. Yanzu wa zai taɓa ki? Maimakon ki gode min."

"Yarinyar nan fa?"

"Yara ne, nan da mako guda sun manta. Kuma tsakani da Allah, ba gara iyayenta su sani ba?"

"Ba ke ce mai faɗa musu ba. Ba a lasifika ba," in ji Anti. "Ke da kika karance su tas, kina bugo min waya, me ya hana ki faɗa wa zauren abin da ke kika ji?"

Mataimakiya ta dube ta ido cikin ido, babu ko kunya. "Ni ban rubuta komai a takarda ba."

Anti ta fita ba tare da ta ja ƙofar ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne matar nan har cikin zuciyarta gani take alheri ta yi. Da ƙiyayya ce, da ta san inda za ta ajiye ta. Shekara ashirin da biyar na aminci, ashe duk tsawon nan ba ta san abin da Anti ke tsaro a ɗakin nan ba, ta ɗauka albashi ne.

Litinin laburare ya yi shirun da ba ta taɓa roƙa ba. Aka buga ƙararrawar tara, babu wanda ya leƙo. Masu wucewa ta baranda suna kau da kai. Talata wasu yara biyu suka dawo da littattafai, suka ajiye a bakin tebur, ta miƙa musu farar takarda, suka ce sauri suke yi. Ta shirya maganar da za ta faɗa musu ta kai kala goma, amma kowace da "ba ni ba ce" take farawa, kuma ta san hannunta ne ya kama gefen kwalin.

Laraba da rana Mai Gilashi ta shigo. Ta yi gaisuwa cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. A hannunta akwai takardar da ta yago daga littafin rubutu, ta jera sunayen littattafai sun kai ashirin.

"Anti, na zo karɓar sauran takarduna. Waɗanda na rubuta a wasu littattafan."

"'Yata, zauna in yi miki bayani. Wallahi ban san za a…"

"Ba komai, Anti. Baba ya ce ba laifinki ba ne, aikinki kika yi."

Gara a ce zaginta ta yi. Anti ta miƙe, ta karɓi jerin, ta ga na farko yana kanta ta uku, can sama inda hannun yarinyar ba zai kai ba. Ta ciro shi, ta buɗe bangon baya, ta kai yatsu ga aljihun.

Yarinyar ta riƙe littafin da hannu biyu, ta ja shi a hankali zuwa ƙirjinta.

"A'a, Anti. Ki sauko min da su kawai. Ni zan cire da kaina."