Hannun Baba a Kan Giya

Tun ranar da Basira ta sayi motar nan 'yar Kwatano mahaifinta yake kiranta motar ragwaye. Shekara talatin Baba Inuwa ya yi yana jan tanka, don haka a wurinsa duk motar da ba ta da kuloci abin wasan yara ce. Ko a gefe aka zaunar da shi, sai hannunsa ya lallaɓa ya hau kan giya.

Ranar da ƙirjinsa ya riƙe, bayan la'asar ne, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Basira nas ce a asibitin koyarwa, kallo ɗaya ta yi wa zufar da ke karyo masa ta ɗauko makullin mota. Ba ta jira yayyenta ba. Maƙwabta suka kama mata shi zuwa gidan gaba, ta fizgi mota daga Daurawa.

Suna hawa kwalta motar ta fara ihu. Ta ƙara taka totur, ƙara ta ƙaru, gudu ko kaɗan. 'Yan adaidaita suna wuce ta suna leƙe, wani har da ba ta shawarar ta koma wajen mai koya tuƙi. A gaban sitiyari, inda kullum take ganin D, yau M1 ne.

"Baba, me ya same ta?"

Da ƙyar ya buɗe ido. "Giya take nema. Ba ta ta biyu."

Ta ce ba ta san yadda ake yi ba. Shekara biyu tana jan motar, ba ta taɓa tambayar amfanin ɗan layin nan na gefen giya mai alamar ƙari da ragi ba. Allurar inji ta shiga ja, wani ƙauri ya fara tasowa, tsoro ya cika ta.

Sai a Gyaɗi-Gyaɗi ta kai ido ƙasa, ta ga ashe shi ne ya ture giyar gefe, ya riƙe ta gam. Haushi ya turnuƙe ta. Ta ɓamɓare yatsunsa da faɗa, ta ce ko yau ma ba zai bar ta ta yi tuƙinta ba, ta mayar da giyar wurinta.

Nan take motar ta yi shiru, ta miƙe sumul. Hannun ya zame ya faɗa tsakanin kujeru, bai ɗauke shi ba. A cikin shirun nan ta kasa kunne, numfashin mutum ɗaya kawai take ji. Saura danja ɗaya a kai ƙofar asibiti, ta kasa juyawa ta dube shi.