Ɗayyabu a Bakin Zaure

Ɗayyabu wanzami ne a Zaitawa. Wata ranar Juma'a ya tarar da wani mutum kwance a lungu, 'yan daba sun sare shi. Ya tsuguna ya tallafe kansa har rai ya yi halinsa. Aka same shi da jini a riga, ga aska a zabirarsa ta wanzanci, abin da alƙali ya duba ke nan. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

A gidan yari bai cika magana ba, sai dai yakan ja fursunoni salla. 'Yarsa Safiya, wadda ya bari tana tatata, ita ce ta girma ta yi ta sintiri wurin wata lauya, har kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi.

Ranar da aka sallame shi, Safiya ta kawo shi gida a adaidaita. Ta shige da ƙunshin kayansa, shi kuwa ya tsaya a bakin zaure, hannuwa a baya, yadda ya saba tsayawa sai gandiroba ya ba da izini. Maƙwabta suna ta barka da arziki, yana amsawa.

Safiya ta leƙo ta ce, "Baba, me kake jira?"

Ya ce, "A ce in shiga."

Ta ce, "To, shigo, Baba."

Ya yi sallama ya shiga. Ruwa ya fara nema, ya zauna ya sha a hankali.