Lambar Kyari

Shekara da shekaru Kaltuma na bin lambar yaƙin mijinta. Kyari ya dawo da ita daga yaƙin Nasara, tare da tarin da ya kashe shi. Bayan rasuwarsa maƙwabcinsu Mai Nasara ya zo aro, wai zai maƙala ranar fareti. Ya maƙala, ta zauna masa a ƙirji. Kaltuma ta kai ƙara gun mai unguwa, ta je ofishin kumandan, tafinta ya ce ta dawo gobe. Goben ba ta zo ba.

Shekarar da ake ta zancen 'yancin kai, Mushe Tahiru, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko ta Birni, ya ce wa ɗalibansa kowa ya zaɓi jarumin yaƙi, ya bincika da kansa, kuma kada ya tsaya kan baki ɗaya. Yara suka ɗunguma zauren Mai Nasara. Har da Falmata, jikar Kaltuma.

"Kaka, shi na zaɓa. Sunansa ma ya nuna, mai nasara ne."

Kaltuma ta ajiye muciya. "Wace nasara, 'yar nema? Nasaran da yake goge wa takalmi! Yaron kaftin ne, shi ya sa sunan ya bi shi."

Ta yafa zane, sai lakwal. Ta tsaya bakin taga.

"Kai ne Mushen? Suna dai bai yi daɗi ba. Ƙarya kake koya wa 'ya'yan mutane?"

"Iya, ni ban koya musu komai ba," in ji shi yana dariya. "Cewa na yi su tambaya. Ke baki ɗaya ce, shi ma ɗaya. Su nemo na uku."

Ranta ya ɓaci, amma ta faɗa wa Falmata inda na ukun yake: Idirisu makaho a Takieta, wanda ya shiga jirgin ruwa tare da su Kyari. Ran kasuwa yara huɗu suka hau motar gyaɗa. Idirisu ya ce Kyari ne sarjan ɗinsu, shi ya fitar da su daga wuta. Ya ƙara da cewa Mai Nasara ne ya goyo Kyari a baya har asibiti, harsashi na zuba.

Wannan labarin, Kaltuma ba ta taɓa jin sa ba. Ta yi tsaki. "To, goyo ne ya zama gado?"

Ranar da yara suka ba da labari a gaban iyaye, sunan mutum biyu Falmata ta kira. Mai Nasara ya tashi a hankali, ya ɓalle lambar, ya miƙa.

"Ga aronki, Kaltuma."

"Ka daɗe, tsohon banza."

Ta ƙulle ta a bakin zane. Da la'asar ta dama fura, ta zuba nono har ya yi yawa, ta ce Falmata ta kai wa Mai Nasara.

"Ki ce masa ƙwaryar ba aro ba ce. Ki tsaya ya shanye, ki dawo min da abata."