Layi Ɗaya a Rahoton Injiniya

Gine-gine uku ne a harabar kamfanin, kuma shekara ashirin da shida ba abin da ya haɗa su sai ƙafar Kawu. Babban ofis yana bakin ƙofa, sito yana can ƙurya, wurin gyaran injuna kuma yana bayan tankin ruwa. Kawu ne masinja. Takardar oda, takardar fitar da kaya, takardar neman hutu, duk a jakarsa suke yawo daga safe zuwa tashi.

Shi ne ma ya samo wa ɗan ƙanwarsa aiki a nan. Ya yi ta sintiri ofishin Manaja har aka gaji da ganin fuskarsa, aka ɗauki ɗan nasa kula da kwamfutoci. Yanzu kowa Injiniya yake ce masa, in Kawu ya faɗi sunan kuwa sai ka rantse shi aka ba digirin.

Kwamfutocin babban ofis a haɗe suke da juna, sauran gine-ginen biyu kuwa ko oho. Wannan abu ya tsaya wa Injiniya a rai. So yake a binne kebul a ƙasa daga gini zuwa gini, yadda saƙo zai tashi daga teburin Manaja ya faɗa sito kafin a ƙifta ido. Sau biyu yana rubuta rahoto, sau biyu ana dawo masa da shi.

"Ka nuna min amfaninsa da alƙaluma," in ji Manaja. "Surutu ina da shi a gida."

Sai Injiniya ya ɗaura agogo ya bi Kawu mako guda, yana ƙirga mintocin da kowace tafiya take ci. Kawu ya ɗauka ɗan nasa ne ya yi marmarin hira, ya yi ta zuba masa labari baki har kunne. Lissafi ya ba da awa uku da rabi kullum. Injiniya ya zana jadawali, a ƙarƙashinsa ya rubuta layi ɗaya: idan aka haɗa gine-ginen, ba za a ƙara bukatar mai kai takardu da ƙafa ba. Layin ya burge shi, har sau biyu ya karanta. Ba mugu ba ne. A ransa, Kawu yake gani zaune a inuwa yana hutar da gwiwoyinsa. Bai tsaya ya yi tunanin yadda Manaja yake karanta irin wannan layi ba.

Kwana biyu aka sa wa rahoton hannu.

Da aka zo haƙa rami sai aka nemi tsohuwar taswirar harabar aka rasa. Masu haƙa suka tsaya cirko-cirko, kowa na tsoron ya fasa bututun ruwa. Kawu ya ajiye jaka, ya ɗauki sanda ya ja musu layi a ƙasa.

"Nan ruwa ne, kada ku taɓa. Can wuta ce. Ta gindin katangar nan kuwa akwai tsohon bututu da ba kome a ciki, a gabana aka binne shi. Ɗana, zura wayarka a ciki ka huta."

Haka aka yi. Aikin wata guda ya ƙare a kwana tara. Ranar da fitilun akwatin da aka jona kebul ɗin a sito suka kama kore, firinta ta tofo takardar gwaji, Kawu ne ya fi kowa murna. Ya bi ofis-ofis yana cewa ɗan ƙanwarsa ne ya yi, kowa ya zo ya gani.

Jakarsa ta fara ramewa. Yakan zauna a bencin ƙofar sito, in ya ji ƙarar firinta ya miƙe, ya tuna ba shi ake kira ba, ya koma.

Bayan mako uku, da hantsi, Injiniya yana durƙushe a sito yana ɗaure wayoyi sai firinta ta fitar da takarda. Mai Sito ya ɗauka ya duba, ya miƙa wa Kawu ba tare da ya dube shi ba. Kawu ya laluba aljihu bai ji tabarau ba.

"Ɗana, karanta min. Idon nan ya zama na ado."

Injiniya ya karanta layin farko. Kamfani yana godiya, kamfani ya sallami Kawu daga ƙarshen wata. Ya karanta har ƙasa da murya kamar ta aro.

Kawu ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya ce, "Wani ne ya kai sukata. Kai Manaja yana jin maganarka. Je ka gaya masa ƙafata ƙalau take."

Injiniya ya tafi. Manaja bai ko ce ya zauna ba. Ya jawo rahoton daga aljihun tebur, ya buɗe shafi na huɗu, ya ɗora yatsa a kan layin da aka ja wa jan biro.

"Ni na rubuta wannan ko kai?"

Hanyar komawa sito minti shida ce, shi da kansa ya auna ta. Ya yi ta a minti ashirin, yana tafe a kan sabuwar ƙasar da aka rufe ramin da ita, yana shirya yadda zai ce: Kawu, ni ne. Kalma uku kacal. Ya maimaita su har bakin ƙofa.

Kawu ya miƙe daga benci. "Me ya ce?"

"Ya ce daga sama ne, Kawu. Ba yadda zai yi."

Abin da ya fito ke nan, kuma har yau yana jin kunyarsa fiye da layin da ya rubuta. Layin kuskure ne, wannan kuwa da saninsa ya faɗa.

Kawu ya gyaɗa kai, ya ninke takardar biyu. Ya ɗora hannu a kafaɗar ɗan ƙanwarsa ya matsa.

"To, ka yi iya ƙoƙarinka. Duk kamfanin nan kai kaɗai ka tsaya min. Allah ya yi maka albarka."

Mai Sito, wanda ya ga rahoton tun ranar da aka raba shi, ya ɗago ya dubi Injiniya. Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce amin.