Askin da Dramani Ya Jira

Akwati na uku ne ya kayar da Dramani. Ya ɗauko shi a ka tun daga ƙofar cocin Yarabawa har bakin babbar mota, ya miƙa sama aka karɓa, sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zube a gefen kwata kamar buhun gawayi. Ina kan bencina a gindin mangwaro ina yi wa wani mahauci aski, komai a kan idona ya faru.

"Awalu, zo ka kama mana," in ji Hajiya Zuleha, mai gidan da muke haya.

Na ce mata aska tana kan mutum. Ba ƙarya na yi ba, amma da wani ne ya faɗi, da na bar mahaucin nan da rabin kai. Dramani ne ya faɗi, shi ya sa na ci gaba da aikina a tsanake, har na tsaya gyaran ƙeya. Mata ne suka kinkime shi zuwa cikin gida, har da matata Fusena, wadda ta wuce ni tana harara.

A watan Disamba ne na 1969, lokacin da aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Zongon Kumasi, unguwarmu ta baƙi, ya koma tasha. Ana sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin goro, mutane na bin gida gida suna cewa a yafi juna, har kalmar ta gundure ni. Cocin da Dramani ke zuwa ɗan ɗaki ne mai rufin kwano, kusan duk mutanensa Yarabawa, ranar nan kuwa suka tafi gaba ɗaya har da fastonsu. Shi mutumin wajen garin Wa ne, ɗan ƙasa, ba wanda ya kore shi. Ni ma a Salaga aka haife ni, ina da takardata. Haka aka kwashe mutanen kirki aka bar ni da shi.

Bari in faɗi abin da ke tsakaninmu. Kafin 'yancin kai, zamanin da siyasa ta haukata garin nan, Dramani yana cikin ƙartin da wata jam'iyya ke ɗauka su tarwatsa taro. Ƙato ne a lokacin, in ya ɗaga gora sai wuri ya watse. Wata rana wana Karimu yana dawowa daga askin suna, jakarsa a kafaɗa, bai san hawa ba bai san sauka ba, ya faɗa cikin rikici. Dramani ya sauke masa gora a tsakiyar kai. Karimu bai mutu ranar ba, da ma ya mutun. Shekara biyu ya yi bai san sunansa ba, yana yawo a kasuwa, kafin Allah ya karɓi abinsa.

Bayan wasu shekaru sai ga Dramani ya kama ɗakin da ke kallon nawa. An ce ya yi wata doguwar jinya, wani tsohon Bayarabe da ya taɓa fasa wa baki ya riƙa kai masa abinci, daga nan ya shiga addinin Kirista. Na ce tuban muzuru ne, kaza a baki. Na so in tashi daga gidan, Fusena ta ce ita ba inda za ta, wanda ya yi laifi shi ya kamata ya ji kunya.

Mu wanzamai muna da ƙa'ida, a gidanmu dai. Mahaifinmu ya ce kada ka ɗora aska a kan mutumin da kake riƙe da shi a zuciya, don hannu ba ya ɓoye abin da ke ciki, sai ka yanke shi ko ba ka yi niyya ba. In ka ga wanzami ya jiƙa kan abokin gabarsa, to magana ta ƙare. Duk gidan an san wannan, Dramani ma ya sani. Saboda haka kowace Juma'a da safe sai ya zo ya tsaya a gefen benci, hularsa a hannu, da Hausarsa ta wanda ya koya da girma.

"Wanzam, yau fa? Kai na ya zama daji."

"Aska ba ta da kaifi yau."

"Yoo. Sai wani Juma'a."

Sai ya mai da hularsa ya tafi kasuwar Kejetia wajen masu aski da almakashi. Shekara goma sha ɗaya askata ba ta yi kaifi ba, alhali a gabansa nake sauke kawuna ashirin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na kasa kama shi da komai. Na zuba masa ido kamar mage a bakin rami. Shi ke yashe kwatar gidan kowace safiya ba wanda ya sa shi. Shi ke ɗebo wa tsofaffi ruwa a famfo. Da azumi ba ya cin abinci a tsakar gida. Wata rana wani direba mashayi ya tofa masa yawu a gaban mutane, ya kira shi kafiri. Na ga hannunsa ya dunƙule, jijiyar wuyansa ta miƙe, na ce yauwa, yau muzuru zai nuna halinsa. Sai ya rufe ido, leɓensa na motsi, ya goge fuska da gefen riga ya wuce. Ranar ko abincin dare ban ci da daɗi ba.

Tun faɗuwar nan a bakin mota bai sake tashi sosai ba. An kai shi asibiti, suka ce zuciya ce, suka ba shi ƙwayoyi suka sallamo shi. Mutanen cocinsa sun tafi, ɗakin cocin ma wani kafinta ya mai da shi wurin ajiye katako. Fusena ce ke kai masa koko da safe, Hajiya ta kai tuwo da rana. Ba ya iya zuwa Kejetia, gashinsa ya taru ya cukurkuɗe, fari fat, gemu ya rufe masa baki. Ran Juma'a sai ya jawo jiki zuwa bakin ƙofarsa ya zauna. Ba ya da numfashin tambaya, sai dai ya cire hula ya riƙe, ni kuma in juya benci in ba shi baya.

Fusena ta yi magana har ta gaji. Ta ce Karimu ma da yana raye da ya haƙura. Na ce ta bar sunan Karimu, ba ita ta wanke masa ƙazanta shekara biyu ba.

Wata Alhamis cikin watan Maris, ruwan farko ya sauka, Fusena na fama da kwashe shanya, sai ta tura mini kwanon koko a hannu ta ce in miƙa masa, ai miƙa kwano ba aski ba ne. Karo na farko ke nan da na taka ɗakinsa. Tabarma ce, da akwati ɗaya, da ɗan gicciye na katako a bango, da Littafin addininsa da ya yi wa bango da takardar siminti. Na ajiye kwanon zan juya, ya ce in tsaya.

"Awalu, ba don daki ya yi araha na zo gidan nan ba. Na tambaya ina kanin Karimu yake, aka nuna min."

Na dogara da ƙofa. Ya huta, ya ci gaba a hankali. Ya ce a cocinsu akwai ranar da ake raba burodi da ƙoƙo, abin da suke kira jibin Ubangiji, kuma tun da aka yi masa baftisma bai taɓa karɓa ba. Ba wanda ya hana shi. In an fara rabawa sai ya koma bencin baya, don hannun da zai miƙa shi ne hannun da ya riƙe gora, kuma wanda aka yi wa ɓarnar yana nan bai sake shi ba.

"Fasto ya ce Yesu ya riga ya yafe ni. Na yarda, shi ya sa ina iya barci. Amma Yesu ba shi ne kanin Karimu ba."

Na ce masa ai ana ta yabonsa ya zama waliyyi, me kuma yake nema a wajen wanzami. Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari.

"Wancan Dramani bai mutu ba. Kullum in ka ce aska ba kaifi, yana tashi a nan," ya dafa ƙirji, "yana ce min fasa masa baki. Sai in ce masa zauna. Da, ba na jin tashinsa, sai dai in ga jini a kasa. Yanzu ina ji tun yana motsi. Abin da Allah ya yi min ke nan, ba wani abu ba."

Wallahi na tsane shi a wannan lokacin fiye da kullum, don da munafuki ne da abin ya zo mini da sauƙi. Na ce masa Karimu ya yi shekara biyu yana tsintar ɓawon lemo a kasuwa yana ci. Ya ce ya sani, ya gan shi da idonsa, kuma ba ranar da ba ya ganinsa. Bai kare kansa ba, bai ce siyasa ce ba, bai ce an sa shi ba. Na rasa abin da zan jefe shi da shi.

Daga bakin ƙofa na ce, "Gobe Juma'a. In na sallami mutane, zan gani."

Washegari mutum biyar kawai na samu, don rabin masu zuwa wajena suna can Lagos da Yamai. Kafin hantsi ya ɗaga na gama. Na hango Fusena ta shiga ɗakinsa da ruwan ɗumi a tasa. Na san abin da ake jira, kuma a raina na riga na yanke zan je. Amma sai na ce wanda ya jira shekara goma sha ɗaya, ai ya ƙara 'yan awoyi, kada ya ɗauka abin banza ne. Na zauna na wasa asakena ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba sa bukata. Na tafi masallaci tun ba a yi kiran farko ba. Da aka idar na tsaya gaisawa da mutanen da ban damu da su ba, na bi ta wajen mai wake da shinkafa na ci, na sayi goro na tsaya ina taunawa.

Wajen ƙarfe uku na shigo gida. A ƙofar Dramani na ga wani tsohon Ba'asante da baƙar kwat da farar kwala a wuya, ƙaramar jaka a cinyarsa. Hajiya na tsaye ta rufe baki da mayafi. Fusena ba ta ko kalle ni ba.

Tsohon ya ce shi ne Osofo Boakye, wato fasto, daga unguwar Ashanti New Town. Da Twi, yarensu, ya yi mini bayani. Ya ce jiya da yamma Dramani ya aika masa da wata mai sayar da itace, cewa ya zo yau bayan azahar da burodi da ƙoƙo, yau zai karɓa. Ya ce sun daɗe da sanin juna, ya sha lallashin Dramani ya karɓa yana ƙi, shi ya sa da ya ji saƙon ya baro komai ya taho.

Fusena ta ce, ba tare da ta ɗago ba, sau biyu yana sa ta sake ɗumama ruwan. Na uku da ta shiga bai amsa ba.

Na leƙa. Yana zaune ya jingina da bango, ya ɗaura tsohon zane a wuya yadda ake yi in za a yi aski, hularsa a kan gwiwa. Tasa na gefensa, da guntun sabulu a kan murfin gwangwani. Fuskarsa tana kallon ƙofa.

Osofo ya ce su a wajensu ba a sa mutum a akwatin gawa da kai haka, ko akwai wanzami a kusa? Wani daga cikin 'yan haya ya yi gunaguni cewa Musulmi ba ya taɓa irin wannan gawa, Hajiya ta ce ya rufe mata baki, shekara nawa yana taka kwatar da mamacin ya yashe.

Na buɗe jaka. Ruwan ya huce sarai, haka na jiƙa masa kai da shi, na goga sabulu. Na tallafi ƙeyarsa da hannun hagu, na fara daga goshi kamar yadda mahaifinmu ya koya mana. Ina jira aska ta zame ta faɗi abin da ke cikina. Ba ta zame ba. Na sauke kan nan tas, na gyara gemu, na bi bayan kunnuwa, ko ƙwarzane babu. Ban san ranar da abin ya bar zuciyata ba, ko bara ne, ko tun ranar direban nan. Na dai san taurin kai kawai na yi ta gadi, kuma da safen nan ma hannun nan ne a jikina.

Da na gama, hannuna ya shiga jaka da kansa ya ciro ɗan madubin da nake miƙa wa mutane. Sai da na ɗaga shi a gaban fuskarsa na tuna. Osofo ya kau da kai, ya mai da burodin cikin hankici ya ƙulle.

Fusena ta ɗauki tasar ta fita, ta juye a kwata. Farin gashin ya bi ruwa kaɗan, ya je ya maƙale a inda shara ta taru tun watan Disamba.